Yadda ake ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa da gilashi mai faɗi

Ranar da na buɗe hotunan da na fara ɗaukowa daga Bahar Maliya, a tsakar gidanmu da ke Garwa, Inna ta leƙo ta bayan kafaɗata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, duk kuɗin jirgin da ka kashe, ashe marina ka je?" Gaskiyarta. Shuɗi ne zalla, kamar an tsoma kyamarar a rijiyar baba. Kifin da na gani da idona ja jawur ya fito toka-toka, can nesa, bai fi ƙwayar gero ba. Ga ni kuwa na daɗe ina hoton biki da suna, har ina ganin babu wanda zai koya mini komai a kan haske.

Kyamarar ba ta yi laifi ba. Ni ne na tsaya nesa, yadda na saba tsayawa a ƙofar zaure in jawo amarya da zum. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, yana shanye launi, kuma ko ya kai garau yana ɗauke da ɓurɓushi. Duk mita ɗaya da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka, labule ne ka ƙara wa hotonka. Gilashi mai faɗi, wanda masu hoto a Marwa da Injamena ke kira garan-angil da Faransanci, amfaninsa a ruwa shi ne ka matso har ka kusa taɓa abu, amma abin ya shiga hoton gaba ɗayansa. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan matsowar yake.

Mataki na farko: ka iya nutson tukuna

Kar ka sayi komai sai ka yi kwas. Ƙungiyoyin da ke ba da takardar nutso sanannu ne: PADI, SSI, da CMAS wadda aka kafa a Monako a 1959, ita ce masu Faransanci suka fi sabawa da ita. Takardar farko ta PADI tana kai mutum mita 18, ta gaba mita 30, iyakar masu nutson shaƙatawa kuma mita 40. A wajen kwas za a ba ka takardar tambayoyin lafiya, ka amsa tsakani da Allah. Mai sikila, mai farfaɗiya, mai asma, mai ciwon zuciya, kowannensu ya ga likita kafin ya kusanci tukunyar iska. Na sa sikila a gaba ne saboda yawanta a cikinmu. Mura ma da ake raina ta, tana hana kunne daidaituwa, ranar da kake da ita ka zauna a jirgi ka sha shayi.

Ƙa'idar da ba a wasa da ita: kowace mita 10 ruwa yana ƙara maka matsi daidai da na iskar duniya baki ɗaya. Iskar da ke huhunka a mita 10, in ka taso da ita a riƙe, ninkuwa za ta yi. Mu kuwa masu hoto mun saba riƙe numfashi lokacin danna shata don kar hannu ya motsa. Wannan ɗabi'ar ka bar ta a bakin gaɓa. Ka koyi dannawa kana fitar da numfashi a hankali.

Sai tsayuwa. Sai ka iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ba ka nitsewa ba ka tasowa, da iskar falmaran ɗinka na nutso, wanda ake hura wa iska a sace, da dalmar ƙugunka da numfashinka kaɗai, hannuwa biyu a harɗe. Wanda bai iya wannan ba, in ya matso kusa da murjani zai farfasa shi da ƙafar agwagwa, ya tayar da yashi, ya ɓata hoton kansa da na duk wanda ke bayansa. Ni shawarata, ka yi nutso ashirin hannu wofi kafin ka riƙi kyamara. Malamin da ya koya mini a garin Dahab na Masar ya ƙwace tawa a rana ta biyu, ya ce in karɓa in na daina iyo kamar mai neman ceto. Na ji haushi, amma ban musa ba.

Mataki na biyu: faifai ko ƙoƙo

Kyamara tana shiga gida mai hana ruwa, a gaban gidan kuma akwai tagar da gilashi ke leƙe ta ciki. Taga iri biyu ce. Akwai shimfiɗaɗɗiya, ni ina ce mata faifai. Akwai mai kumburi kamar an kife ƙoƙo. Nan ne mutane suka fi zubar da kuɗi a banza, don haka bari in tsaya.

Haske in ya fito daga ruwa ya shiga iska yana karyewa. Kowa ya taɓa ganin yadda gora ke lanƙwashewa in mai kwale-kwale ya soka ta a Binuwai. Ta bayan faifai, abu yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matsowa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ji kamar riba ce, amma faɗin gilashinka ne ke tafiya. Gilashi mai milimita 24 a babbar kyamara, wato mai babban allon kama haske a ciki, wanda ke ganin digiri 84 a tudu, ta bayan faifai yana komawa wajen digiri 60, wato ya zama kamar mai milimita 35. Gefen hoton kuma ya jaye, launuka su rarrabe. Faifai na masu ɗaukar ƙananan halittu ne, ba namu ba.

Ƙoƙo yana mayar maka da faɗinka, sai dai yana da nasa halin. In ya shiga ruwa, shi kansa ya zama wani gilashi, yana tattaro duk abin da ke gabanka ya ajiye hotonsa na ƙarya a kusa da shi. Abin da ke can nesa iyakar gani, kyamara tana ganinsa a tazarar da ta ninka rabin faɗin ƙoƙon sau uku. Ƙoƙo mai faɗin santimita 20, wanda ya cika rabin ƙwallo, ke nan komai yana cikin santimita 30 daga fuskarsa. Gilashin da ba ya iya kama abu a kusa haka, a ruwa makaho ne, ko nawa ka saye shi. Wannan hoton ƙaryar kuma a lanƙwashe yake, shi ya sa tsakiya ke fitowa tangararau, kusurwoyi su yi laushi, sai an matse ƙofar haske. Ƙoƙo ya ƙara girma, kusurwoyi su ƙara kyau.

Gilashin da ya fi jituwa da ƙoƙo shi ne idon kifi. Yana kama abu a kusa ƙwarai, yana gani har digiri 180, lanƙwasar da yake yi kuma ba ta damun kowa, tunda a ƙarƙashin teku babu ginin da za a ce ya karkace. Tokina mai milimita 10 zuwa 17 ya daɗe yana yi wa masu matsakaiciyar kyamara aiki, Canon da Nikon kuma kowanne yana da mai 8 zuwa 15. Gilashin da ke miƙar da layi, irin mai 16 zuwa 35, yana da kyau ga jirgin da ya nitse ko dabbar da ba ta yarda a matso, amma yana buƙatar babban ƙoƙo na milimita 230, ga nauyi ga tsada. Ka tabbata ka sayi zoben ƙari da kamfanin gidan ya rubuta wa gilashinka, don shi ke ajiye gilashin daidai tsakiyar ƙoƙo. In ya kauce, kusurwoyi sun tafi.

Mai ƙaramin ƙarfi kada ya karaya. Akwai gilashin da ake ɗaurawa a wajen gida, ruwa na tsakaninsa da taga, irin Nauticam WWL-1 da ke mayar da milimita 28 zuwa digiri 130. Ƙaramar kyamara Olympus TG-6 tana shiga mita 15 tsirara, da gidanta mita 45. GoPro ma mita 10 ba gida, kuma dama mai faɗi ce. In irin na waje ka saya, da ka nitse ka cire shi ka kaɗa ka mayar, don kumfa na maƙalewa a tsakani, ta yi maka tabo a kowane hoto.

Ƙoƙon roba ya fi sauƙi da araha, in ya karce ana gogewa. Na gilas ya fi jure karce, ya fi nauyi. Karcen waje ruwa na cike shi, na ciki shi ne masifa, don haka ko da tsumma kar ka riƙa shafar cikin ba dalili.

Mataki na uku: haɗa kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da dare ake haɗa kyamara, a ɗaki rufe, kan farin tawul, da fitila mai haske. Duk tsaron gidan ya rataya a kan zoben roba siriri da ke kewaye da murfi. Ka matse shi da yatsu biyu ya taso ka zare shi, ban da farce, ban da wuƙa. Ka goge kwarin da yake kwanciya, ka bi zoben da yatsa kana laluben yashi ko tsaga, ka shafa masa man da kamfanin ya ba da, ɗan kaɗan, ya yi sheƙi kawai. Man ba ya tare ruwa, laushi yake sa wa robar, in ya yi yawa sai ya zama tarkon ƙura. Kada ka sa basilin ko man kaɗanya. A lokacin hazo, in a gida kake gwaji, ka rufe taga, ƙurar hunturu ta isa ta buɗe wa ruwa hanya. Zoben ajiya kuma kar ka bar shi a mota cikin zafin Maris da Afrilu.

Ni gashin gemuna ne ya ci ni. Sili ɗaya, ya kwanta a gicciye kan zoben, na rufe murfi ina hira. Muna wajen mita 6 sai na ga ɗigo yana gangarowa ta cikin ƙoƙo, wani na bin sa. Abin da zuciya ke cewa shi ne ka harba sama. Kar ka yi. Na juya ƙoƙon ya kalli ƙasa don ruwan ya taru a cikinsa nesa da kyamara, na yi wa abokin nutsona alama, muka taso a hankali. A jirgi na buɗe na zare batir nan take. Kyamarar ta rayu, gilashin ruwan gishiri ya shige shi, bai sake aiki ba. Da na ɗaga zoben a rana, ga silin nan, baƙi wuluk, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Tun daga ranar na sayi famfon da ke zuƙe iskar gidan, fitilarsa ta nuna kore in babu yoyo. Cikin duk kayana babu abin da ya kai shi biyan kuɗinsa.

Sabon gida, ka fara gwada shi babu kyamara. Ka cusa takardar goge hannu a ciki, ka danna shi a duro, ka latsa kowane maɓalli. Sannan ka nitse da shi haka wofi sau ɗaya, don matsin duro ba na teku ba ne. Ka sa ƙunshin tsotse laima a ciki. In akwai ɗaki mai sanyin na'ura, a can za ka rufe murfi, iskarsa a bushe take. A jirgi ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, rana in ta dafa shi ya shiga ruwa mai sanyi, gumi zai rufe ƙoƙon ta ciki. Kafin ka fita ɗaki ka ɗauki hoto guda: akwai kati, an cire murfin gilashi, filasha biyu sun tashi.

Mataki na huɗu: gwaji a gida

Mu da ke nesa da teku sai mu yi da abin da muke da shi. Wurin wanka na otal a Garwa ko Injamena, da izinin masu shi, ya isa makaranta. Ni jar buta na cika da tsakuwa na nitsar, na yi mako ina zagaya ta. Ka ɗauke ta daga mita 3, daga mita 1, daga taƙi biyu, ka jera hotunan ka kalli yadda jan ke dawowa. Abin da idonka ya gani a nan ya fi duk abin da zan rubuta.

Ruwanmu na daji kuwa, a yi hattara. Na taɓa zuwa Lagdo, tafkin dam ɗin da aka gama a 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa, na tarar da wani dattijo masunci yana gyaran koma. Na gaishe shi na ce, "Baba, ruwan nan yana washewa kuwa, har mutum ya ga giwan ruwa a ƙasa?" Ya dubi kayana, ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, dorina za ta gan ka kafin ka gan ta." Ban shiga ba. Ga dorina, ga kada, ga tsohuwar koma da ke sarƙe mutum, ga tsargiya, ga duhun ruwan da hannunka ma ba ka gani sosai. Tafkin Lere na Chadi akwai ayu, kowa na sha'awar hotonsa, amma ruwan ba na sabon shiga ba ne. Tafkunan wajen Ngaundere kuma suna kan tudu sama da mita 1,000, alhali lissafin nutso yana canzawa da zarar an wuce mita 300, sai wanda ya yi kwas ɗinsa daban. Mai neman ruwa garau ya tara kuɗin Masar: Dahab, Sharm al-Shaikh, Hurgada. Tekun nan dai shi ne wanda kakanninmu suka riƙa tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda a hanyar Hajji, na tuna da su sau da yawa ina ƙarƙashinsa.

Mataki na biyar: saita haske, shuɗi daban gaba daban

Kar ka yi tsalle da kyamara. Ka shiga, a miƙo maka, ka ɗaure ta da igiya a falmaran, ka duba yoyo a mita na farko.

Launuka suna mutuwa bi da bi. Ja yana tafiya a wajen mita 5, ruwan lemo a wajen 10, ɗorawa a wajen 20, shuɗi ne ke saura. Filasha ke dawo da su, amma ita ma haskenta ta cikin ruwan yake bi, zuwa da dawowa. Abu in yana mita 2, hasken ya yi tafiyar mita 4, jan ya kusa ƙarewa. Don haka aikin filasha na gaske yana cikin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan nan batir kake ƙonawa.

Hoton gilashi mai faɗi hoto biyu ne a haɗe: ruwan baya da rana ke haskawa, da abin gaba da filasha ke haskawa. Kowanne da linzaminsa. Ka sa kyamara a saitin hannu, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da za ka gyara daga baya. Ka fara da ISO 200, ƙofar haske f/8 a matsakaiciyar kyamara ko f/11 a babba, shata 1/125. Kashe filasha. Juya inda za ka ɗauka, ka harbi ruwa zalla, ka duba. Shuɗin ya yi duhu kamar bayan magariba, rage saurin shata zuwa 1/60. Ya yi fari-fari kamar shuɗin da ya sha wanki, ƙara zuwa 1/200. Shata ba ta taɓa hasken filasha, muddin ba ka wuce iyakar da kyamarar ke haɗuwa da ita ba, yawanci 1/200 ko 1/250. In shuɗin ya yi maka, sai ka kunna filasha a rabin ƙarfi, ka ɗauki abin gaba, ka gyara da maɓallin filashar kaɗai. Duk lokacin da ka juya wa rana baya ko gaba, ko ka ƙara zurfi, shuɗin ya canza, sai ka sake. Allon kyamara a cikin duhun ruwa maƙaryaci ne, komai yana yi masa kyau, ka dogara da jadawalin haske, zanen da kyamara ke nuna yawan haske da duhun hoto da shi.

Yanzu ga abin da ya fi wahalar da kowa. Duk direban da ya bi hanyar Garwa zuwa Marwa da dare cikin hazo ya san abin da ke faruwa in ya kunna babbar fitila: farin bango ne ke tashi a gabansa. Haka filasha ke yi da ɓurɓushin ruwa in tana kusa da gilashi tana kallon gaba, hoto ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa gari. Maganin shi ne a raba hanyar haske da hanyar gani. Ka buɗe hannuwan filasha hagu da dama, kamar ƙarfe goma da ƙarfe biyu a agogo. Ka ja su baya, su tsaya daidai da maɗaurin hannunka, kada su wuce gindin ƙoƙo, in ba haka ba idon kifi zai gan su a gefen hoto. Su kalli gaba sak, ko ma su ɗan karkata waje. So ake gefen hasken wannan da gefen na waccan su haɗu a kan abin da kake ɗauka, ruwan da ke tsakaninku ya zauna a duhu. Abu na nesa, buɗe hannuwan. Abu ya matso, jawo su kusa da gida, ka rage ƙarfi, don in ka bar su a buɗe tsakiyar hoton za ta yi baƙi. In ka juya kyamara a tsaye, filashar da ta koma ƙasa tana dukan farin yashi, rage mata.

Wanda ba shi da filasha ya tsaya a mita 10 na sama, rana a bayansa, tsakanin hantsi da azahar, ya daidaita fari da allon rubutun nutso ko da yashi, ya sake duk lokacin da zurfi ya canza.

Mataki na shida: matso, sauka, kalli sama

In ka ga ka matso, ƙara matsowa. Sannan ka sauka ƙasa da abin da kake ɗauka ka ɗaga ƙoƙon sama. Daga sama in ka ɗauka, kifi da dutse da yashi duk cakuɗewa suke. Daga ƙasa, abin yana tsayawa shi kaɗai a kan shuɗi, ga fuskar ruwa tana walƙiya a bayansa. In ka kalli sama sosai a ruwa mai kwanciya, za ka ga duk sararin samaniya ya dunƙule a da'ira ɗaya mai faɗin digiri 97, idon kifi yana kwashe ta duka.

Ka nemi abu uku: na gaba mai launi a tazarar kamu ɗaya, na tsakiya kamar garken ƙananan jajayen kifayen da ke rufe murjanin Bahar Maliya, na baya kamar inuwar jirgi ko mutum. Abokin nutsonka shi ne mutumin, amma ku gama magana tun a jirgi. Ya miƙe jiki, ƙafafu a haɗe, ya kalli abin da kake ɗauka, kada ya kalle ka. Ku yarda da alamun sama kaɗan, ƙasa kaɗan, sake zagayowa. Kada ka ɗaga masa babban yatsa don ka ji daɗin hoto. A wurin masu nutso ma'anarsa a tashi, nutso ya ƙare.

Dabba ba a bin ta. Kunkurun teku in ka bi shi wutsiya za ka samu. Ka duba inda ya nufa, ka riga shi, ka tsaya, ka rage kumfa, shi zai zo. Ba a taɓawa, ba a ciyarwa, ba a dafa murjani don a tsaya, wani irinsa ma ƙuna yake yi kamar wuta.

Son rana a cikin hoto yana buƙatar ISO 100, shata a iyakarta, ƙofa f/16 ko f/22, filasha kusan cikakken ƙarfi. Ya fi sauƙi ka ɓoye ƙwallon ranar a bayan murjani ko mutum, tsirkiyoyinta kawai su fito. Hoton rabi sama rabi ƙasa kuwa sai babban ƙoƙo da ruwa marar igiya: f/16, ka kama saiti a kan na ƙasa, ka tsoma ƙoƙon ka ɗago ka danna kafin ɗigo ya taru. Wasu tofi suke shafa masa, yana kuwa aiki.

Abu in ya fi ƙarfin filasha, kashe ta. Jirgin Ingila Thistlegorm, wanda jiragen saman Jamus suka nitsar a Oktoban 1941 kusa da Ras Muhammad a Bahar Maliya, yana kwance a wajen mita 30, tsawonsa ya haura mita 120, da babura da motocin soja a cikinsa har yau. Babu filashar da za ta haska wannan. Hasken rana, ISO 400 ko 800, mutum ɗaya a gefe don a gane girman, daga baya ka mayar da hoton baƙi da fari. Shiga cikin jirgin kuma sai da horo da jagora.

A irin wannan zurfin ne kyamara ke zama haɗari. A mita 30 kana shan iska ninki huɗu na yadda kake sha a sama, ga wani maye-maye da iskar ke sa wa mutum. Ka sa wa kanka doka: hoto uku, duba agogon iska da kwamfutar hannu mai nuna zurfi da lokaci, duba abokinka. Tukunya tana farawa da matsin bar 200 a agogon iska, ka kasance a saman ruwa da sauran 50. Tasowa a hankali, kada ka wuce mita 9 ko 10 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5. Wannan tsayuwar ma ba asara ba ce, nan haske ya fi kyau, kyawawan hotunana da yawa a nan na ɗauke su ina rataye.

Mataki na bakwai: bayan an fito

Miƙa kyamara sama, a sa wa ƙoƙo hularsa nan take. Jiƙa gidan a ruwan daɗi, ka latsa kowane maɓalli gishiri ya fita, amma kar ka bar shi a bahon jama'a ka tafi, a nan kyamarori ke karo da juna. Goge shi, goge hannunka da kanka, sannan ka buɗe murfin yana kallon ƙasa.

A kwamfuta, fara da daidaita fari a kan wani abu mai ruwan toka, ka ɗan ƙara bambancin haske da duhu, ka share ɗige-ɗigen da suka tsira ɗaya bayan ɗaya. Kar ka zuba ja har yashi ya koma ruwan hoda, wanda ya taɓa nutso zai gane.

Jirgin sama sai ka jira: awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 aƙalla in ka yi kwanaki kana yi. Ni kwana guda cur nake bari, a ciki kaya ke bushewa. Wajen shiryawa ka cire zoben murfi, don in gidan ya tafi a rufe ruf, canjin matsi a sama yana iya sa ya ƙi buɗuwa. Batura su bi ka a jakar hannu, ƙoƙo kuma a naɗe shi cikin rawani ko tawul a tsakiyar tufafi.

In ka dawo za ka wanke hoto babba, ka fara ba mai injin ƙarami ya gwada maka. Injinan da aka saita don fatar mutum da shadda sukan mayar da shuɗin teku ruwan makuba. Nawa sai a gwaji na uku ya fito daidai: kunkuru ne daga ƙasa, tazarar kamu ɗaya, rana a ɓoye bayan ƙoƙon bayansa. Yana rataye a shago, sama da bencin da amare ke zama suna jiran a gama musu kwalliya.